Gani Ya Kori Ji? Darasi Kan Taurari, Ido da Tasirin Tsammani

MANUFOFIN DARASI

Idan kuka kammala wannan darasi, ana sa ran za ku iya:

1. lissafa lokacin da haske yake ɗauka kafin ya iso gare mu daga rana da wata;
2. gwada da kanku ko da gaske wata ya fi girma lokacin fitowarsa;
3. bayyana yadda ƙwaƙwalwa take ƙara nata a kan abin da ido ya kawo mata;
4. faɗin ma'anar filasibo da nosibo;
5. bambance jin sauƙi da warkewa.

SHIMFIƊA

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Duk wanda ya taɓa sayen rago ta bakin dillali, bai gan shi ba balle ya shafa bayansa, ya san amfanin wannan magana. To amma bakin da ya faɗi haka shi ne kuma ya ce ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Iyayenmu sun yarda da ido, sai dai in aka zo awo, mudu suke nema. Darasinmu na yau neman mudu ne. Za mu faro daga sama, mu sauko cikin kai, mu ƙare a gefen gadon majinyaci, inda kuskuren awo yake iya cin rai.

1. HASKEN DA YA KWANA A HANYA

Ku tuna mai faskaren da kuka taɓa hangowa daga nesa. Gatari ya riga ya sauka kan icce, sai bayan ɗan lokaci ƙarar ta iso kunnenku. Haka walƙiya take riga tsawa a damina. Sauti tafiya yake yi, kimanin mita 340 a kowace daƙiƙa. Haske ma tafiya yake yi, sai dai shi gudunsa ya kai kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. A doron ƙasa ba ma lura da jinkirinsa. A sama kuwa, inda nisa ya wuce misali, jinkirin yana fitowa fili.

Misali na 1: Tsakaninmu da rana kimanin kilomita 150,000,000 ne. Idan muka raba wannan nisa da gudun haske, 150,000,000 ÷ 300,000 = daƙiƙa 500. Daƙiƙa 60 ke yin minti guda, saboda haka 500 ÷ 60 = minti 8 da daƙiƙa 20. Hantsin da ya taɓa ku yau da safe ya baro rana fiye da minti 8 kafin ya same ku.

Misali na 2: Wata yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,000. 384,000 ÷ 300,000 = 1.28. Ɗan abin da ya haura daƙiƙa guda ke nan.

> AKWATIN MA'ANA
> Shekarar haske: nisan da haske yake ci a cikin shekara guda, kimanin kilomita tiriliyan 9.5. Ma'aunin nisa ne, kamar yadda matafiya suke cewa "tafiyar kwana biyu ce" alhali nisan garin suke nufi.

Tarin taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta suna nesa da mu da kimanin shekarar haske 440. Hasken da za ku gani daga gare su a daren nan ya kamo hanya fiye da shekara 150 kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Duk tsawon wannan zamani yana tafe, bai tsaya ba, sai da ya faɗo cikin idonku. Ni dai ban taɓa tuna haka ba tare da tsigar jikina ta tashi ba.

Akwai masu ƙarawa da cewa wai yawancin taurarin da muke gani sun riga sun mutu. Wannan ƙari ne. Taurarin da ido yake iya gani ba tare da na'ura ba, galibinsu ba su wuce nisan shekarar haske 'yan dubbai ba, su kuwa taurari suna rayuwar miliyoyi zuwa biliyoyin shekaru. Kusan dukkansu suna nan.

Wata ruɗuwar kuma ta shafi Zara, wadda ake wa kirari da matar wata, da Gamzaki mai fitowa da asuba. Mai kallo zai rantse taurari biyu ne. A mafi yawan lokuta abu ɗaya ne, kuma ba tauraro ba ne: duniyar Venus ce, mai kewaya rana cikin kwana 225, kuma hasken rana take maidowa kamar yadda wata yake yi. Wasu watanni tana biyo bayan rana da almuru, wasu watanni tana riga ta fitowa da asuba.

2. WATAN DA YA FI NA TSAKAR DARE GIRMA

A daren sha huɗu, idan wata ya ɓullo daga gabas bayan magariba, sai ka gan shi kamar faifai, ja-ja-wur, ya cika tsakanin itatuwa. Can tsakar dare, da ya hau tsakiyar sama, sai ya koma ɗan ƙarami. Kowa ya ga wannan, kuma kowa yana da tabbacin abin da ya gani.

Watan bai canza ba. Hotunan da aka ɗauka da kyamara ɗaya a lokutan biyu suna nuna faɗi iri ɗaya. Hasali ma lokacin fitowarsa ya fi nisa da mai kallo da kimanin kilomita 6,000, saboda haka in ma akwai bambanci, ɗan ƙanƙancewa ne.

Masani Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, yana cikin waɗanda suka fara bayyana cewa girman nan a cikin fahimtar mai kallo yake. A littafinsa Kitab al-Manazir ya nuna cewa muna kimanta girman abu ne gwargwadon nisan da muke zaton yake da shi, kuma muna kimanta nisa ta hanyar abubuwan da ke tsakaninmu da shi. A gefen sama akwai gidaje da gonaki da itatuwa da suke sa a ji watan yana can nesa ƙwarai; a tsakiyar sama babu komai. Har yau masana suna muhawara kan cikakken dalilin, amma sun haɗu a kan cewa a kai abin yake faruwa.

Gwaji na 1: Ku naɗe takarda kamar bututu. Lokacin da wata ya fito, ku leƙa shi ta ciki da ido ɗaya, kuna matse takardar har bakinta ya zo daidai da faɗin watan, sannan ku ɗaure ta da zare. Bayan awa huɗu ko biyar ku sake leƙawa ta wannan bututun. Zai cika shi daidai yadda ya cika shi da farko. Wannan takardar ita ce mudunku.

3. ƘWAƘWALWA MAI CIKE GIƁI

A bayan kowane ido akwai tantani mai karɓar haske. A wurin da jijiyar gani ta fita zuwa ƙwaƙwalwa, tantanin ba shi da ƙwayoyin karɓar haske ko ɗaya. Duk abin da hotonsa ya faɗa wannan wuri, ba a ganinsa. Wani Bafaranshe mai suna Edme Mariotte ne ya bayyana haka a shekarun 1660.

Gwaji na 2: Ku zana alamar + a hagun takarda, da baƙin ɗigo a dama, tsakaninsu santimita 8. Ku rufe idon hagu, ku kafa wa alamar + idon dama. Ku riƙe takardar da nisan hannu, ku riƙa matso da ita a hankali. In ta zo kimanin santimita 30 daga fuska, ɗigon zai ɓace. Ku lura da kyau: ba rami za ku gani a gurbinsa ba, farar takarda za ku gani. Ƙwaƙwalwa ta duba abin da ke kewaye ta yi wa wurin faci.

> AKWATIN MA'ANA
> Makahon gurbi: wurin da ba ya karɓar haske a bayan ido.
> Ruɗin ido: saɓani tsakanin abin da mutum ya gani da abin da awo ya tabbatar.

Wannan faci alheri ne. Shi ya sa kuke gane ɗanku daga nesa tun kafin fuskarsa ta fito sosai, kuke karanta wasiƙar da ruwa ya ɓata wasu haruffanta. Amma shi ne kuma yake mai da guntun igiya maciji a kan hanyar gona da dare. Mai tsoron maciji ya fi saurin ganinsa.

Kada a ce sai wanda bai yi karatu ba abin yake kamawa. A 1877 wani masanin taurari na Italiya, Giovanni Schiaparelli, ya duba duniyar Mars da madubin hangen nesa daga birnin Milan, ya zana wasu siraran layuka da ya ce ya gani a kanta. Wani attajiri ɗan Amurka, Percival Lowell, ya ɗauki maganar da zafi. A 1894 ya gina gidan kallon taurari a Flagstaff, cikin jihar Arizona, ya shafe shekaru yana zana ɗaruruwan layuka miƙaƙƙu, yana mai imanin cewa magudanan ruwa ne da wasu halittu masu hankali suka haƙa don noman rani. Ba maƙaryaci ba ne. Abin da ya gani ya zana.

A 1903 masanin taurari Walter Maunder da wani malamin makaranta, Joseph Evans, suka yi gwaji a Greenwich ta Ingila. Suka kafe zanen da'ira mai ɗige-ɗige da tabo-tabo, babu miƙaƙƙen layi a ciki, suka sa 'yan makaranta su kwafa daga nesa. Da yawa daga cikin yaran suka zana layuka. Ido ya ga tabo a warwatse, ƙwaƙwalwa ta ja zare ta haɗa su. A 1965 kumbon Mariner 4 ya wuce ta kusa da Mars ya aiko da hotuna: ramuka ne, babu magudana. Kumbunan da suka biyo baya ma ba su ga ko ɗaya ba.

4. FANKON MAGANI

Idan tsammani yana iya sa ido ya ga layin da babu, me zai iya yi wa ciwo? A nan ne darasinmu ya fi nauyi, don haka za mu tafi a hankali.

A 1796 wani likita ɗan Amurka, Elisha Perkins, ya yi rajistar wasu 'yan sandunan ƙarfe guda biyu, kowanne bai fi tsawon yatsa ba. Ya ce in aka shafa su a wurin da ke ciwo suna zuƙe cutar. Suka yi kasuwa har Ingila, da tsada kuwa, kuma masu shaidar sun ji sauƙi ba sa ƙirguwa. Wani likita a garin Bath, John Haygarth, bai tsaya musu da baki ba. A 1799 ya sa aka sassaƙa irinsu da katako, aka yi musu fenti kamar ƙarfe, aka shafa wa mutum 5 masu ciwon gaɓoɓi ba tare da sun san na katako ne ba. Huɗu suka ce sun ji sauƙi. Washegari aka shafa musu na ƙarfen, sakamakon bai bambanta ba.

Abu biyu Haygarth ya gano a lokaci guda. Ƙarfen ba ya yin komai. Amma kuma sauƙin da mutanen suka ji ba ƙarya suka yi ba.

> AKWATIN MA'ANA
> Filasibo: fankon magani, wato ƙwaya ko allura ko wani aiki mai kama da magani amma babu sinadarin da ke yaƙar cutar a cikinsa, kamar ƙwayar sukari ko allurar ruwan gishiri. Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta "zan faranta rai".
> Tasirin tsammani: sauƙin da majinyaci yake ji saboda sa rai, da sabo, da kulawar da aka ba shi.

Ta yaya fanko zai rage zafi? A 1978 wasu masu bincike uku a San Francisco, Jon Levine da Newton Gordon da Howard Fields, suka yi nazari kan mutanen da aka cire wa haƙoran ƙuryar baki. An ba su fankon magani, wasunsu suka ji zafin ya ragu. Sai aka ba su wani sinadari mai suna naloxone, wanda aikinsa toshe hanyar da magungunan kashe zafi dangin mofin suke bi a jiki. Waɗanda fanko ya yi wa aiki sai zafinsu ya ƙaru. Wannan ya nuna cewa jiki yana da nasa maganin kashe zafi, ana kiransa endofin, kuma sa rai yana iya buɗe masa ƙofa. Saboda haka ba daidai ba ne a ce wa mai irin wannan sauƙi "ai raya maka kawai zuciyarka ta yi". Wani abu na zahiri ya faru a jikinsa.

Tasirin yana ƙaruwa da girman hidimar da aka yi. A wani gwaji da aka buga a 2008 an ba mutane ƙwayar fanko iri ɗaya, aka ce wa wasu kuɗinta dala 2.50, aka ce wa wasu an karya farashinta zuwa santi 10. Kashi 85 cikin 100 na masu "mai tsada" sun ce zafi ya ragu, na masu "mai araha" kuwa kashi 61. Nazari kan ciwon kai mai tsanani ya nuna fankon allura ya fi fankon ƙwaya tasiri. Har tiyata ba ta tsira ba. A 2002 likita Bruce Moseley da abokan aikinsa a Houston suka buga sakamakon gwaji kan mutum 180 masu ciwon gwiwa na zaizayar gaɓa. An yi wa kashi biyu aikin wanke gwiwa ko kankare ta. Kashi na uku an tsaga fata kawai an ɗinke. Kowa ya sa hannu tun farko cewa ya yarda ƙila ya faɗa kashi na ukun. Aka bi su shekara 2. Waɗanda aka yi wa aikin gaske ba su fi sauran samun sauƙi ba.

Misali na 3: Wani tela ya tashi da ciwon jiki da kasala. Ya je kemis, aka ba shi ƙwayoyi, ya ce shi in ba allura ba magani ba ya kama shi. Aka yi masa, da yamma ya ji garau. Abu uku na iya jawo wannan: sinadarin da ke cikin allurar, ko tsammaninsa da sabonsa, ko kuma gajiya ce da ma hutun yini zai kawar. Daga labarinsa kaɗai ba za a iya ware ɗaya ba. Abin da aka sani shi ne magunguna da yawa suna aiki daidai ta baki, allura kuma tana da nata haɗarin, kamar ƙurji da cutar da ake ɗauka daga allurar da ba ta da tsabta.

Abu na uku a misalin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Cututtuka da yawa suna tafiya da kansu. Mura takan wuce cikin mako guda zuwa kwana goma. Ciwon baya da na gaɓoɓi kuma suna hawa suna sauka. Yaushe mutum yake neman magani? Ran da abin ya fi tsanani. Bayan rana mafi tsanani kuwa, galibi mai sauƙi ce take biyowa, ko an sha wani abu ko ba a sha ba. Sai abin da aka sha na ƙarshe ya kwashe yabon. Da wannan ne masu tallar magani a tasha da kasuwa suke samun shaidu na gaskiya a kan maganin da ba ya komai.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi daɗin ji. A 2008 Ted Kaptchuk da abokan aikinsa na jami'ar Harvard suka raba mutum 262 masu wani ciwon hanji mai sa murɗa da kumburin ciki gida uku. Na farko suna jira kawai: kashi 28 cikin 100 suka ce sun sami sauƙi. Na biyu an yi musu fankon magani ba tare da wata hira ba: kashi 44. Na uku an yi musu wannan fankon dai, amma mai maganin ya zauna, ya saurare su, ya yi tambayoyi cikin tausasawa: kashi 62. Al'adarmu ta dubiya, da zama kusa da mara lafiya ana yi masa sannu, ba ɓata lokaci ba ce. Ma'aikacin lafiyar da yake sakin fuska ga majinyaci ya riga ya fara aikinsa tun kafin ya ɗauki biro.

5. INDA FANKO YAKE TSAYAWA

A 2011 aka buga wani gwaji da aka yi a Boston kan masu ciwon asma, wanda mutum 39 suka kammala. Kowannensu ya gwada abu huɗu a ranaku dabam-dabam: maganin shaƙa na gaske mai suna salbutamol, fankon maganin shaƙa, fankon tsira allura irin ta Sinawa, da zama ba tare da an yi komai ba. Aka auna abu biyu: abin da suka ce sun ji, da yawan iskar da suke iya hurowa cikin daƙiƙa ɗaya a na'ura.

Misali na 4: Da aka tambaye su, sauƙin da suka ba da labari ya kai kashi 50 cikin 100 da maganin gaske, 45 da fankon shaƙa, 46 da fankon allura, 21 da zama haka nan. A baki, fanko ya kusa kamo magani. Da aka duba na'ura kuwa, maganin gaske ya ƙara iskar huhu da kashi 20, sauran ukun kowanne da kimanin kashi 7. Aikin sinadarin shi ne 20 − 7 = 13. Aikin fanko a kan huhu shi ne 7 − 7 = 0.

Mutanen nan sun ji numfashinsu ya buɗe alhali hanyoyin iskarsu suna nan a matse. Mai asma da ya dogara da irin wannan sauƙi ya ajiye maganinsa yana cikin haɗari.

> AKWATIN MA'ANA
> Jin sauƙi: raguwar abin da majinyaci yake ji, kamar zafi, tashin zuciya, kasala ko damuwa.
> Warkewa: gushewar ita kanta cutar, wadda awo yake tabbatarwa.

Tsammani ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ba ya kashe ta tarin fuka, ba ya narkar da ciwon daji, ba ya maye gurbin insulin ga mai ciwon sukari. Ina roƙon iyaye su riƙe wannan da hannu biyu. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kama, zafin jikinsa yakan sauka ya sake hawa. Saukar ba warkewa ba ce, kuma cutar tana iya tsananta ga ƙaramin yaro cikin kwana guda. A kai shi a yi gwajin jini, in an ba da magani a sha har ƙarshe, ko da ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Wannan kuma shi ne sharrin jabun magani. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa 1 cikin kowane 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marasa inganci. Mai sha yana iya jin ɗan sauƙi, ya saki jiki, cutar kuwa tana ci.

6. IDAN TSAMMANI YA JUYA

Yadda sa rai yake rage zafi, haka fargaba take kawo shi.

> AKWATIN MA'ANA
> Nosibo: ciwo ko damuwar da mutum yake ji saboda yana tsammanin abu zai cutar da shi.

A 2020 masu bincike a Landan suka buga gwaji kan mutum 60 da suka daina shan maganin rage kitsen jini saboda yana sa musu ciwon jiki. An ba kowa kwalabe 12, ɗaya a wata: 4 da maganin gaske, 4 da fanko, 4 babu komai. Kimanin kashi 90 cikin 100 na damuwar da maganin gaske ya jawo, fanko ma ya jawo ta. Da aka nuna musu sakamakon, rabinsu suka koma shan maganinsu. Mai zuwa dubiya ya kula da bakinsa. Labarin wane da irin wannan ciwo ya kashe ba na gefen gado ba ne. Duk da haka, wanda ya sha magani ya ga ƙuraje, ko kumburi, ko numfashi ya yi masa wuya, ya koma asibiti nan take.

7. MUDUN MASU BINCIKE

Dabarar Haygarth ce aka inganta ake amfani da ita har yau. Ana raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada a zaɓi masu ƙarfi a tara su gefe guda. Gida ɗaya ya sami sabon magani, ɗayan ya sami fanko ko tsohon maganin da aka sani. Majinyaci bai san wanne aka ba shi ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba, domin likita mutum ne kamar Lowell, yana iya ganin layin da yake fatan gani. A ƙarshe a buɗe sirrin, a yi ragi irin na Misali na 4.

Wannan aiki yana da sharuɗɗa. Sanarwar Helsinki ta 1964, da gyare-gyaren da suka biyo bayanta, ta wajabta a yi wa mutum cikakken bayani, ya yarda da kansa, kuma yana da ikon janyewa duk lokacin da ya so. Ba a kuma hana majinyaci maganin da aka tabbatar a ba shi fanko idan hakan zai jefa shi cikin haɗari. Mutanen Kano sun san nauyin wannan batu: a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 an yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200, kuma taƙaddama kan neman yardar iyayensu ta kai har kotu. Duk wanda aka nemi ya shiga gwaji, ko ya sa ɗansa, haƙƙinsa ne a yi masa bayani da harshen da yake ji.

TAMBAYOYIN BITA

1. Wani lokaci Mars takan kasance kilomita 225,000,000 daga gare mu. Minti nawa haskenta zai yi a hanya? Ku nuna lissafinku.
2. Shekarar haske ma'aunin mene ne? Ku kawo irin wannan salon awo daga maganarmu ta yau da kullum.
3. Me ya sa ba ma ganin rami a wurin makahon gurbi?
4. Mene ne gwajin 'yan makarantar Greenwich ya nuna game da layukan Mars?
5. Waɗanne abubuwa biyu Haygarth ya gano da sandunan katako?
6. Wata maƙwabciyarku ta ce ta sayi wani magani a tasha, ta sha, murarta ta tafi cikin mako guda. Ku kawo dalilai uku da za su iya jawo haka.
7. A gwajin asma, me ya sa abin da majinyata suka faɗa ya saɓa wa abin da na'ura ta auna? Wanne ya kamata likita ya bi wajen ci gaba da ba da magani?
8. Ku ambaci cututtuka uku da tsammani ba ya warkarwa.
9. Me ya sa ake ɓoye wa likitan da ke duba majinyata wanda ya sami fanko?
10. Aikin gida: a daren sha huɗu mai zuwa ku yi Gwaji na 1 tare da mutum biyu na gidanku. Kafin ku leƙa ta bututun, kowa ya faɗi lokacin da yake ganin wata ya fi girma. Ku rubuta abin da suka ce da abin da bututun ya nuna, ku kawo aji.